Magudanan Bakolori da Magudanan Huhu: Gargaɗi ga Masu Lissafin Jini da Kwamfuta

Gabatarwa

Akwai wani irin zama wanda duk mutumin da ya taɓa jinyar mai ciwon zuciya ba zai manta da shi ba. Shi ne zaman da majinyaci kan yi da tsakar dare, ya jingina bayansa da bango, an tara masa matasan kai, bakinsa a buɗe yana haki kamar wanda ya yi tsere, alhali kuwa ko taku ɗaya bai yi ba. Na fara ganin wannan zama a gidanmu, a wani ƙauye da ke tsakanin Talata Mafara da Bakura, wajen wata 'yar ƙanen mahaifina. Ta haihu lafiya, an yi suna lafiya, amma kafin ta yi arba'in ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ta, aka ƙara wa ruwan wanka wuta, aka ƙara wa kunu kanwa. Sai da ta kwana uku ba ta iya sa haƙarƙarinta ƙasa ba sannan aka ɗauke ta zuwa asibiti. Likita ya ce zuciya ce ta gaza, ruwa ya taru a huhu. Aka yi mata allurar da ke sa fitsari, aka hana ta gishiri da kanwa, Allah ya ba ta sauƙi. Amma da mijinta ya tambaya ko jijiyoyin huhun sun lalace, da kuma ko za ta iya jure wani cikin, sai likita ya ce amsa mai tabbas tana bukatar awon da babu shi a kusa.

A 'yan shekarun nan, masana a Turai da Amurka da Asiya sun duƙufa a kan wata hanya ta amsa irin wannan tambaya ba tare da an zura wa majinyaci kome a jiki ba. Sukan gina kwatankwacin jijiyoyin huhunsa a cikin kwamfuta, su sa jini na lissafi ya gudana a ciki, sa'an nan su auna ƙarfin da jinin ke matsar bangon jijiya da kuma gugar da yake yi mata. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, wannan ilmi ya shafe mu fiye da yadda ya shafi waɗanda suka ƙago shi, amma ba zai amfane mu ba, ƙila ma ya cuce mu, muddin ba a auna jikin mutanenmu an ciyar da lissafin da shi ba. Hujjata kuwa ba daga nesa zan ɗauko ta ba, tana nan shimfiɗe a Bakolori.

Yadda jini ke ratsa huhu

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san hanyar da ake magana a kanta. Zuciya famfo biyu ce a haɗe. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki, ya tura shi huhu domin ya sha iska. Ɓangaren hagu kuma yana karɓar jinin daga huhu, ya tura shi ga sauran jiki. Likitan nan na Dimashƙa da Alƙahira, watau Ibnun Nafis, wanda ya rasu a 1288, shi ne ya fara bayyana cewa jini ba ya ratsa bangon da ke tsakanin ɓangarorin nan biyu kamar yadda Jalinus ya zata, ta huhu yake bi. A 1628 kuma William Harvey na Ingila ya nuna cewa jinin gaba ɗaya zagaye yake yi.

Zuciyar babban mutum da ke hutawa takan tura jini kimanin lita 5 a kowane minti ɗaya, kuma duk wannan jini sai ya bi ta huhu. Abin lura shi ne, yana bi ne a hankali, ba da matsi mai yawa ba. Matsakaicin matsin jini a manyan jijiyoyin jiki ya kai wajen milimita 90 a ma'aunin zaiba, amma a babbar jijiyar huhu bai fi wajen 14 ba. Saboda haka ne bangon ɓangaren dama na zuciya bai kai rabin kaurin na hagu ba, domin ba a yi shi don aikin ƙarfi ba.

To, idan ɓangaren hagu ya gaji, ya kasa kwashe jinin da ke zuwa masa, sai jini ya yi ta taruwa a baya. Kowane manomin rani a Bakolori ya san abin da ke faruwa idan lambatun da ke fitar da ruwa ya cushe da laka da ciyawar kacalla: ruwa kan koma baya, ya kwanta a gona, shuka ta shaƙe. Haka jini ke komawa baya cikin huhu, ruwansa ya tsattsafo cikin 'yan jakunkunan iska waɗanda yawansu ya haura miliyan 300, majinyaci ya kasa numfashi, musamman in ya kwanta. Idan abin ya daɗe, sai jijiyoyin huhun su ma su sake hali, bangonsu ya yi kauri, ya sandare, hanyar ta ƙuntata. Wannan shi ne hawan jinin huhu, kuma daban yake da hawan jinin da ake aunawa a damtse. A da sai matsi ya kai 25 ake kiransa cuta, amma a taron masana na birnin Nis ta Faransa a 2018 aka ba da shawarar saukar da iyakar zuwa 20, ƙungiyoyin likitocin Turai kuma suka amince a 2022. Daga nan ɓangaren dama, mai siririn bango, yakan shiga turin da ya fi ƙarfinsa har shi ma ya gaza, ƙafafu su kumbura, hanta ta yi nauyi, ciki ya tara ruwa.

Hanyar da ta fi tabbas ta sanin matsin jijiyar huhu ita ce a zura siririn bututu ta jijiyar wuya ko ta cinya ko ta hannu, a bi da shi ta cikin zuciya har ya isa huhu. Wani likita Bajamushe, Werner Forssmann, shi ya fara gwada zura bututu har cikin zuciya a jikinsa a 1929, a 1970 kuma Swan da Ganz suka sauƙaƙa aikin da bututu mai ɗan balan-balan a baki. Wannan awo yana bukatar ƙwararru da ɗaki na musamman da wutar lantarki da ba ta yankewa da kuɗi masu kauri, don haka a ƙasar nan sai a 'yan manyan cibiyoyi ake yinsa. Mai jego daga Maradun ba ta cikin lissafinsa.

Abin da kwamfuta ke lissafawa

Dokokin da ruwa ke bi a cikin kanal su ne jini ke bi a cikin jijiya. Wajen shekarar 1840 wani likita Bafaranshe mai suna Poiseuille ya gano cewa yawan ruwan da ke wucewa ta siririn bututu ya dogara ƙwarai ga faɗinsa. Idan faɗin ya ragu da rabi, matsin kuma bai sake ba, abin da zai wuce kashi ɗaya ne kacal cikin 16. Ko da kashi ɗaya cikin biyar ne ya ragu, ruwan da zai wuce ba zai kai rabin na da ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa ɗan kaurin da ido ba ya gani a bangon ƙananan jijiyoyi yake iya durƙusar da zuciya. Navier a 1822 da Stokes a 1845 sun tsara cikakken lissafin motsin ruwa, sai dai lissafin yana da wuyar da ba a iya warware shi da alƙalami ga hanya mai rassa da lanƙwasa kamar ta huhu. Kwamfuta ce ta zo ta ɗauke wannan nauyi.

Ga yadda ake yi a taƙaice. A ɗauki hoton ƙirjin majinyaci da na'urar da ke nuna jiki faifai-faifai, a zana siffar manyan jijiyoyin huhunsa, a yanka siffar zuwa dubban ɗaruruwan ƙananan gutsattsari, a gaya wa kwamfuta yawan jinin da ke shiga a kowane bugu da kaurin jinin da taurin bango, sa'an nan ta lissafa gudu da matsi a kowane gutsure. Abin da take fitarwa ya haɗa da wani abu da ko bututun Swan da Ganz ba ya iya aunawa, watau gugar da jini ke yi wa tantanin cikin jijiya. Wannan tantani yana jin gugar, kuma idan ta yi daidai yakan saki wani sinadari mai sassauta jijiya, wanda binciken da aka yi a kansa ya sami kyautar Nobel a 1998. An lura cewa a masu hawan jinin huhu manyan jijiyoyin kan buɗe, jinin ya riƙa juyi a ciki maimakon ya miƙe, gugar ta ragu. Fatan masana shi ne su gane alamun lalacewa tun ba ta yi nisa ba, su kuma gwada magani a kan majinyacin lissafi kafin su ba majinyaci mai rai.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wasan masu ilmi ne kawai. A 2014 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan lissafi domin duba jijiyoyin da ke ciyar da ita kanta zuciya, kuma ya shiga asibitoci. A wajen huhu galibin aikin yana matakin bincike, amma tambayar da yake son amsawa ta rai ce. Alal misali, akwai magunguna masu buɗe jijiyoyin huhu, kamar sildenafil, waɗanda ke taimakon wanda cutarsa ta taso daga jijiyoyin kansu. Amma idan tushen matsalar gazawar ɓangaren hagu ce, buɗe jijiyoyin tamkar buɗe ƙofar ruwa ce ta sama alhali lambatu na toshe. Wani gwaji da aka yi a Sifen kan majinyata 200 waɗanda aka yi wa gyaran murfin zuciya, aka buga a 2018, ya nuna waɗanda suka sha wannan magani sun fi tabarbarewa a kan waɗanda ba su sha ba. Rarrabe wannan da wancan shi ne ainihin aikin, kuma a nan ne lissafi mai kyau zai iya maye gurbin bututun da ba mu da shi.

Darasin Bakolori

An gama gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin. An tsara ta riƙe ruwa mita miliyan 450 a murabba'in zurfi, ta shayar da kadada fiye da dubu 20 a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Injiniyoyin da suka zana ta ba jahilai ba ne. Sun san dokokin ruwa sarai, kuma bangon da suka lissafa yana nan tsaye har yau. Kuskurensu yana ga abin da ba su sa a cikin lissafin ba. Ba su ba da muhimmanci ga manoman fadama na ƙasa da madatsar ba, waɗanda shinkafarsu da kifinsu da rijiyoyinsu na rani suka dogara ga ambaliyar da gulbi ke yi kowace damina. Binciken da wani masanin labarin ƙasa na Ingila, W. M. Adams, ya buga a 1985 ya nuna yadda ambaliyar ta ragu, noman shinkafa ya ja baya, mutane suka koma gero da dawa, kamun kifi ya faɗi. A sama kuma gonakin mutanen ƙasar Maradun suka nutse a ƙarƙashin tafkin, rigimar diyya da rabon filaye ta yi ta ruruwa har ta kai ga zubar da jinin manoma a watan Afrilu na 1980.

Abin da nake son mai karatu ya riƙe daga wannan tarihi shi ne, lissafi yana iya zama daidai a kowane layi, sakamakonsa kuma ya zama ɓarna, idan abin da aka ɗora shi a kai bai cika ba. Kwamfuta ba ta san abin da ba a gaya mata ba. Hasali ma ta fi takardar injiniya haɗari, domin tana fitar da amsarta da launuka masu kyau da alƙaluma masu ɗigo, ta yadda ƙaramin likita ko ma'aikacin jinya zai ji nauyin musanta ta ko da idonsa na ganin akasin haka.

Jikin wa aka auna?

Na'urar hoto ba ta ganin ƙananan jijiyoyin huhu, waɗanda su ne mafiya yawa, kuma a cikinsu ne ƙuncin yake. Saboda haka mai lissafi yakan cike gurbinsu da ƙiyasi, ya ce rassan suna rabuwa kaza, taurinsu kaza, kaurin jini kaza. Waɗannan ƙiyasce-ƙiyasce daga jikin mutanen da aka riga aka auna ake samo su, galibinsu kuwa majinyatan manyan asibitocin Turai da Amurka ne. A can mai gazawar zuciya yawanci tsoho ne wanda ya haura saba'in, wanda jijiyoyin zuciyarsa suka toshe. A nan kuwa wani babban bincike da aka buga a 2012, wanda ya tattara majinyata 1,006 daga ƙasashen Afirka tara har da Nijeriya, ya sami matsakaicin shekarunsu 52 ne, kuma hawan jini ne babban sanadi.

Bambancin ya fi fitowa fili a wajen masu jego. A 1978 Davidson da Parry na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka buga bayanin mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa a Zariya, aka ƙiyasta cewa abin yana samun mace ɗaya a cikin kowace haihuwa 100. A Sakkwato, Isezuo da Abubakar sun ba da rahoto a 2007 na ɗaya cikin 102. A Amurka kuwa ana maganar ɗaya cikin 1,000 zuwa 4,000, a Japan ɗaya cikin wajen 20,000. Watau ƙasar Hausa na cikin wuraren da wannan cuta ta fi yawa a duniya. Masanan Zariya sun jingina ta ga wankan jego da kwanciyar gadon wuta da kunun kanwa, bisa hujjar cewa zafi yana ƙara wa zuciya aiki, kanwa kuma tana riƙe ruwa a jiki. Daga baya Cénac da abokansa a Yamai a 1992, da kuma Farfesa Kamilu Karaye a asibitin koyarwa na Aminu Kano, suka nuna cewa yawancin matan nan suna da ƙarancin sinadarin siliniyam a jininsu. Rajistar ƙasa da Karaye ya jagoranta, wadda ta tattara mata 406 aka buga a 2020, ta fi nuna yatsa ga rama da rashin karatu da rashin sana'a da hawan jinin masu ciki. Mai karatu ya lura, sai da likitocinmu suka auna matanmu da kansu sannan bayanin da aka riƙe shekara arba'in ya sami gyara. Wannan bai wanke kanwa ba, domin ko mene ne ya fara raunana zuciya, ƙara mata gishiri ƙara mata kaya ne.

Yanzu a dubi abin da mai lissafi zai tarar idan aka kawo masa mai jego 'yar shekara 19 daga Bakura. Ciki kan ƙara yawan jinin mace da kusan rabi, kuma ba ya komawa daidai a ranar haihuwa. Mai yiwuwa tana da ƙarancin jini saboda zazzabin cizon sauro ko zubar jini wajen haihuwa, jini mai ruwa-ruwa kuwa ba ya gugar bango kamar mai kauri. Mai yiwuwa tana da sikila, wadda ita kanta tana jawo hawan jinin huhu. Mai yiwuwa tun tana yarinya take wanki da wanka a kanal, inda katantanwa ke ɗauke da tsutsar tsargiya, kuma an san cewa nau'in tsutsar da ke zama a jijiyoyin hanji yana iya aika ƙwai har huhu ya ƙuntata ƙananan jijiyoyi. Mai yiwuwa ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba ya taɓa murfin zuciyarta tun tana ƙarama. Ga hayaƙin itace da take shaƙa safe da yamma, ga zafin watan Afrilu mai haura digiri 40. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana sauya ɗaya daga cikin alƙaluman da lissafin ya tsaya a kansu. Idan aka shigar da hotonta cikin tsarin da aka horar da jikin tsohon Bature, amsa za ta fito, amma amsar wani ce.

Masu cewa ba mu kai nan ba

Na san za a sami mai cewa wannan duk mafarki ne. Zai ce asibitin da ke fama da wutar lantarki da iskar numfashi da ƙarancin likitoci, a jihar da rashin tsaro ya sa tafiya daga ƙauyukan Maradun zuwa Gusau ko Sakkwato ta zama kasada, ina shi ina kwamfuta mai lissafin gugar jini? Na yarda da rabin wannan magana. Maganin sa fitsari da ma'aunin hawan jini da ungozoma mai horo sun fi ceton rai a yau, kuma duk gwamnatin da ta sayi na'ura mai tsada ta bar waɗannan ta yi wauta. Amma ban yarda da sauran rabin ba, saboda dalilai uku.

Na farko, wahalar hanya ita ce ma babbar hujjar neman awon da ba ya bukatar tafiya. Wanda ke da bututu da ƙwararre a bayan gidansa, lissafi ƙari ne gare shi. Mu kuwa shi ne abin da zai iya gaya wa likitan Talata Mafara wace majinyaciya ce lallai sai an yi kasadar kai ta Sakkwato, wace ce kuma za a iya riƙewa a gida.

Na biyu, mun riga mun shiga lissafin ko mun sani ko ba mu sani ba. Na'urar hoton zuciya mai aiki da amo, wadda ake da ita a manyan asibitocinmu, ba ta auna matsin huhu kai tsaye. Gudun jini take aunawa, sa'an nan a juya shi zuwa matsi da wata 'yar ƙa'ida da aka ciro daga aikin Bernoulli na 1738, watau a ninka gudun da kansa, a sake ninkawa sau huɗu. Wannan ma kwaikwayo ne, kuma an nuna cewa sau da yawa yakan kauce wa awon bututu da fiye da milimita 10. A yanzu akwai ƙananan na'urorin amo da ake jonawa da wayar hannu, akwai kuma sauƙaƙan tsare-tsaren lissafi da ƙaramar kwamfuta ke iya gudanarwa. Za su iso mu kamar yadda wayar ta iso mu. Abin da ya rage a hannunmu shi ne ko za su iso da awonmu a ciki.

Na uku, tattara awo ba ya jiran arziki. Davidson da Parry sun yi aiki ne da abin sauraren ƙirji da ma'auni da hoton ƙirji da littafin rajista da haƙurin bin majinyata shekara da shekaru, amma har yau duniya na ambaton aikinsu.

Abin yi

Bisa ga haka, ga shawarwarina. Manyan asibitocin Talata Mafara da Bakura da Maradun su buɗe rajistar masu jego guda ɗaya mai tsari ɗaya, a riƙa rubuta nauyi da hawan jini da bugun zuciya da yawan jini na kowace mace a ranar haihuwa, da makon suna, da lokacin arba'in. Waɗannan ranaku al'ada ta riga ta ware su, ba sai an ƙirƙiro wasu ba. A horar da ma'aikatan jinya biyu ko uku a kowane asibiti kan ɗaukar hoton zuciya da ƙaramar na'ura, a riƙa aika hotunan ga likitocin zuciya a Gusau da Sakkwato. Ɗaliban lissafi da injiniya na Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su san cewa darasin motsin ruwa da suke koyo don kanal da famfo shi ne dai darasin jijiya, su nemi haɗa kai da likitoci a ayyukansu na kammala karatu. 'Yan majinyatan da aka sami damar yi wa awon bututu a manyan cibiyoyi kuma a adana sakamakonsu tare da hotunansu, domin da su ne za a gwada ko lissafin ya dace da jikinmu.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne yarda. Kada a ɗauki hoton kowace mace ko awonta sai an yi mata bayani da harshen da take ji, ta amince, kuma kwafin bayanan ya zauna a jami'o'inmu. Mutanen ƙasar Hausa ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, da shari'ar da ta biyo baya, da yadda abin ya taimaka wajen sa jama'a gudun rigakafi shekaru bayan nan. Mutanen Bakolori kuma ba su manta da ma'aunan da suka zo suka auna gonakinsu ba tare da sun tambaye su kome ba.

Kammalawa

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masanan da ke gina huhun lissafi sun yi aikin da ya cancanci yabo, kuma babu laifinsu idan ba su san kunun kanwa ko kanal mai katantanwa ba. Laifin zai zama namu idan muka karɓi amsarsu ba tare da mun ba su tambayarmu ba. Kafin wannan ilmi ya nuna, akwai abin da kowane mai karatu zai iya yi a gidansu tun daga yau. Idan mai jego ta fara tari da dare, ko ta kasa kwanciya sai a zaune, ko ƙafafunta suka kumbura, ko ta riƙa haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, a sauke tukunyar kanwa, a kai ta asibiti a ranar, kada a jira kwana uku kamar yadda muka yi. 'Yar'uwar tawa tana nan da rai, 'yarta ma ta shiga makaranta, amma tambayar da mijinta ya yi wa likita har yanzu ba a amsa masa ba.